Kwas ɗin koyon shan kwana a hanyar dutse: abin da na samu a kan tsohon babur ɗina

Na daɗe ina hawa Honda CB350 ƙirar 1971, kuma a miƙaƙƙiyar hanya ban taɓa jin fargaba a kansa ba, amma da zarar hanya ta fara hawa dutse tana lanƙwashewa hagu da dama, sai kafaɗuna su sandare, in riƙa faɗa wa kwana da wuri, in fito dab da layin tsakiya inda motar da ke tahowa za ta iya samuna. Wannan ne ya sa na yi rajista a wani kwas na yini biyu da aka shirya domin masu tsofaffin babura. Ra'ayina shi ne kwas ɗin ya cancanci lokacin da na ba shi, duk da cewa akwai wuraren da ya gaza, ɗaya daga cikinsu kuma ba ƙarami ba ne.

Safiyar farko ba a bar kowa ya tayar da inji ba sai da malamin ya duba kowane babur. Ya nuna mana lambobi huɗu da ke jikin taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta, sai ga shi tayata ta gaba ta kai shekara tara, zanenta bai cinye ba amma robar ta bushe ta yi tauri. Ya ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, ya ɗaga gaba, ya juya kan a hankali domin ya ji ko boris ɗin wuya yana cijewa a tsakiya, sannan ya kama tayar baya ya girgiza ta gefe da gefe. Bayaninsa shi ne babur ɗin da wuyansa ke cijewa ko bayansa ke wasa zai riƙa rawa a tsakiyar kwana komai ƙwarewar mai tuƙi, mutum kuma ya yi ta zargin kansa a banza. Na sauya tayar a yammacin ranar, kuma wannan dubawa kaɗai ta isa in yaba wa masu shirin.

Daga nan muka koma wani fili mai kwalta domin darasin tura kan babur. Idan babur yana cikin gudu, wanda yake son juyawa dama hannun dama yake turawa gaba kaɗan, babur ya kwanta dama. Duk mai hawa babur yana yin haka ko bai sani ba, amma yin sa da gangan shi ne ke ba mutum ikon ƙara kwantar da babur idan kwana ta matse ba zato. A kan siraran tayoyi masu inci 18 irin nawa, ɗan turi kaɗan ya wadatar, kuma na gane cewa riƙon da nake yi wa kan da ƙarfi shi ne yake hana babur ɗin bin hanyarsa.

Zuciyar kwas ɗin ita ce yini na biyu a kan dutse, kuma a nan ne malamin ya nuna ya san tsofaffin babura da gaske. Ya dage a kan cewa mai tsohon babur dole ya gama shirinsa tun kafin ya isa bakin kwana: ya rage gudu babur yana tsaye, ya sauko zuwa giyar da ta dace, ya saki birki, sannan ya kwantar da babur sau ɗaya ya riƙe totur daidai wa daida har ya hango mafita. Dalili kuwa a jikin babur ɗin yake. Sandunan ƙarfe biyu da ke riƙe tayar gaba sirara ne, shokozoba biyu na baya ba su da ƙarfin na zamani, babu na'urar da ke hana taya kullewa, saboda haka matse birkin gaba ana kwance yakan miƙar da babur ya nufi gefen waje na kwana, sakin totur gaba ɗaya kuma yakan sa ya nutse har jak ko matakin ƙafa ya goge kwalta. Maganin da ya ba mu shi ne mu karkatar da kafaɗa da kai zuwa cikin kwana, domin babur ya rage kwanciya alhali gudun bai canza ba.

Abin da ya fi sauya tuƙina shi ne darasin ido. A makauniyar kwana, inda dutse ko itatuwa suka tare gani, akwai wurin da gefen hanya biyu suke haɗuwa a idon mutum. Idan wurin yana matsowa kusa, kwanar tana ƙara matsewa ke nan, sai a rage gudu. Idan ya fara gudu gaba, hanya ta buɗe, sai a ƙara wuta. Ya haɗa wannan da jinkirta shiga kwana, wato mutum ya ci gaba da bin gefen waje na cikin layinsa ya ɗan daɗe kafin ya juya, domin ya ga tsakuwa ko dutsen da ya faɗo ko motar da ta ci layi tun da sauran dama. Ya biyo ni a baya na tsawon wasu kilomita, da muka tsaya ya ce mini idona yana kafewa a kan shingen bakin rami, kuma inda ido ya kafe nan babur yake nufa. Gaskiya ya faɗa, kuma a zagaye na uku na ji bambancin a jikina.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne gangara. Birkin durom, wato irin wanda takalmin birki ke matse cikin wani kwanon ƙarfe da ke tsakiyar taya, wanda yawancinmu muke da shi, yana yin zafi idan aka daɗe ana dannawa, kwanon ya buɗe, takalmin ya daina kamawa yadda ya kamata, kuma babu inda wannan ya fi haɗari kamar doguwar gangara mai kwanoni a jere. An ambaci riƙe babur da ƙaramar giya a cikin jimla biyu kawai, ba a yi atisaye ko ɗaya a kai ba. A saukowarmu ta ƙarshe na ji hannun birki ya yi nisa kafin ya kama, domin na yi ta jansa tun daga sama, kuma da an ware sa'a ɗaya ga wannan da ban kai ga haka ba. Haka nan takardun da aka raba mana an rubuta su ne domin baburan zamani, ba su ce komai ba game da yadda kafireta ke shan mai fiye da kima a can sama inda iska ta yi ƙaranci, har inji ya rage ƙarfi a fitowa daga kwana. Wani abokin karatunmu mai babur ɗin Ingila na kafin 1975, wanda giyarsa ke ƙafar dama birkin baya kuma a hagu, sai da ya riƙa juya kowane umarni a kansa. Mu tara ne da malami ɗaya, kuma hakan ya yi yawa.

Ina ba da shawarar wannan kwas ga wanda ya riga ya saba da babur ɗinsa yana son ya daina tsoron hanyar dutse, amma bai dace da sabon ɗan koyo ba. Kafin a yi rajista a tambayi yawan ɗalibai da malami ɗaya zai ɗauka, a nemi a sanya atisayen gangara a cikin jadawali, sannan a kai babur wurin bakanike ya duba taya da birki mako guda kafin ranar.