Dashen lemon da na saya: bishiyoyin lafiya lau, sunayen ne a rikice

Jama'a duk mai niyyar dasa lemo a gida ko lambu ya ɗan karanta wannan kafin ya kai kuɗinsa. Na sayi dashe wurin wasu masu rainon itatuwa a bakin titi nan Kaduna, yanzu sun fara 'ya'ya shi ya sa na ga lokacin magana ya yi.

Dashen kam ba laifi, saiwa ta cika leda, ganye kore shar, ko ɗaya bai mutu min ba, farashi ma da sauƙi. Matsalar suna ce. Babu ledar da aka rubuta wa komai, sai dai yaron wurin ya nuna da hannu ya ce wannan lemon zaƙi, wannan tanjarin, wancan mai aure, alhali aure ai ba iri ba ne, aiki ne aka yi wa bishiyar, an ɗauko idon wani lemo an haɗa a jikin wani. Na ce lemon zaƙi iri biyu nake so, Valencia da Washington mai cibiya, tunda ba tare suke nuna ba, mai cibiya ke rigaye Valencia ya biyo baya, ya ce duk akwai Alhaji. Mai cibiyar ya fito daidai, ba ƙwallo a ciki, amma wanda aka ce min Valencia da hannu ake ɓare shi kamar tanjarin ga ɗan tudu a wuyansa, wani malamin gona da ya gani ya ce tanjelo ne, wato haɗin tanjarin da garehul. Yana da daɗi wallahi, yara rububinsa suke, amma dai ba shi na biya ba.

Ban ce da gangan suka yi ba, ina jin su ma haka aka sayar musu. Kuma gaskiya lemo abu ne mai wuyar rarrabewa ko a wurin masana, Swingle ɗan Amurka ya ƙirga jinsi 16, Tanaka ɗan Japan ya ce 162 ne, dubi ratar fa! Dalili kuwa lemo na barbarar juna cikin sauƙi. Lemon zaƙin nan da muke sha kullum, wanda ake lodowa daga Binuwai, asalinsa haɗin mandarin (dangin tanjarin) ne da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo da ake kira pomelo, garehul kuma pomelon ne ya sake haɗuwa da lemon zaƙi a tsibirin Barbados. Shi kansa Washington ɗin daga Bahia ta Brazil ya fito, ta birnin Washington kawai ya bi aka laƙaba masa sunan.

Abin da ya fi damuna shi ne ba su yi min bayanin gindin ba ko kaɗan. Lemo mai aure bishiya biyu ce, ta sama mai ba da 'ya'yan da kake so, ta ƙasa kuma galibi wani lemo ne mai tsami ko mandarin ɗin Cleopatra saboda juriya. In toho ya fito ƙasa da mahaɗar ka ƙyale shi, shi zai rinjayi na saman, ka wayi gari kana tsinkar tsami kana zagin mai dashe. Maƙwabcina haka ta faru da shi har ya sare bishiyar, abin ya ba ni tausayi sosai don magana ɗaya da an faɗa masa ranar saye da ta wadatar.

Zan koma wurinsu? Don lemon tsami eh, wannan ba ya ɓuya. Amma in takamaiman iri kake so kuma lambun kasuwanci ne, gara ka tuntuɓi NIHORT, cibiyar gwamnati mai binciken 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, hedikwatarta na Ibadan kuma tana da reshe a Bagauda ta Kano. In kuma a bakin titi za ka saya to ka sa a nuna maka uwar bishiyar da aka ciro idon, a rubuta maka sunan sama da na gindi a jikin kowace leda.