Katakon roba na WPC don sake dandamalin lambu

Duk wanda dandamalin lambunsa ya ruɓe ko gara ta cinye, abin da masu kayan gini ke nuna masa yanzu shi ne WPC, wato garin katako da aka cuɗa da roba. Kaya ne mai kyau. Gara ba ta cika damunsa ba, ba ruwansa da fenti, kuma ba ya sartse. Matsalar ita ce tsadarsa kan sa mai gida ya tsuke hannu a aikin ƙasa, can kuwa ɓarnar take farawa.

WPC bai kai katakon gaske ɗaukar nauyi ba. Tazarar sandunan da za a shimfiɗa shi a kai kada ta wuce santimita 30 zuwa 40. In kafinta ya buɗa ta zuwa 60 don rage kashe kuɗi, tsakiyar allon za ta lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin. Firam ɗin ƙarfe mai rufin hana tsatsa ya fi. In katako ne, a jiƙa shi da maganin gara sosai, a ɗora shi kan dungun kankare, kada ya taɓa ƙasa.

Maganar ruwa tun kafin a kafa sanda ɗaya ake gama ta. A kwashe tsohon aikin kaf, a daddaɓe ƙasar da gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga bango zuwa waje. A shimfiɗa yadin da ke hana ciyawa tsirowa amma ruwa na ratsa shi, ba leda ba, domin leda tafki take yi wa sauro. Sai tsakuwa mai kaurin kamar santimita 5. A bakin gangarar a sa bututu mai inci 4 da zai kai ruwan zuwa kwata, kuma ruwan indararo a ba shi hanyarsa daban. Ruwan Agusta ɗaya ya isa ya tona asirin aikin da aka yi ba gangara.

Tsakanin allo da allo a bar milimita 5 zuwa 6, da maƙalan da ke zuwa tare da shi. Haka ma inda bakin allo biyu suka haɗu, don zafin bazara na miƙa shi; in an matse, sai ya bankare. Allo mai rami a ciki ya fi araha, amma in ba a toshe bakinsa ba, ruwa da laka na taruwa ciki. Wurin da za a yi zirga-zirga, marar ramin ya cancanci kuɗinsa.

Babban aibinsa a ƙasarmu shi ne zafi. Mai duhun launi a ranar Afrilu ba ya takuwa ba takalmi. A zaɓi mai haske, ko a yi masa rumfa. In filin fetal yake ba inuwa, intalok ya fi shi dacewa.