Gwajin FFR da aka yi wa zuciyar Baba: abin da muka gani

Wata takwas ke nan da dawowarmu Zariya daga Alƙahira, kuma har yau ba a rufa mako wani bai tare ni a ƙofar masallaci ko ya kira ni a waya yana tambayar yadda aikin Baba ya kasance ba. Kusan duk mai tambayar yana da nasa majinyacin da aka ce jijiyoyin zuciyarsa sun toshe. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da muka gani, mai daɗi da marar daɗi, musamman a kan wani gwaji da ban taɓa jin sunansa ba kafin tafiyar, wanda likitoci ke kira FFR, wato awon ƙarfin jinin da ke wucewa ta jijiyar zuciya da ta tsuke.

Baba shekararsa 67, sana'arsa ɗinkin manyan riguna a cikin birni. Tun ina yaro da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a na fada daga gidanmu da ke kusa da Ƙofar Doka, ya dawo da ƙafa. Bara sai muka lura yana tsayawa a hanya, ya jingina da katanga kamar mai jiran wani. Ƙirjinsa ne ke ɗaurewa, ciwon ya gangara hannun hagu, in ya huta kaɗan ya sake shi. Ya ce olsa ce. Mun sha sayen maganin olsa a kemis kafin wani likita a nan Zariya ya saurare shi da kyau, ya yi masa gwajin ECG da hoton zuciya, ya ɗora shi kan magani, sannan ya ce lallai a je a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar kansu. 'Yan'uwa suka haɗa hannu, aka sayar da wani fili, muka tafi ni da shi.

Hoton farko ta wuyan hannunsa na dama aka shiga. Siririn bututu ake zurawa ta jijiya har bakin zuciya, a fesa wani ruwa da ke bayyana a hoto, sai a ga hanyoyin jini a talabijin kamar rassan bishiya. Manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya uku ne: ɗaya ta gaba, ɗaya mai zagayawa ta hagu, ɗaya ta dama. Duka ukun na Baba an ga sun tsuke a wani wuri. Da likitan ya nuna mini, gabana ya faɗi, don ko wanda bai yi karatun likita ba yana iya ganin inda hanyar ta ƙanƙance. A zuciyata na riga na gama lissafi: ko dai a saka masa sitent uku, wato 'yan ragar ƙarfen nan da ake buɗe jijiya da su, ko kuma a buɗe ƙirji a yi tiyatar baifas, wato a yi wa jini sabuwar hanya da za ta kewaye wurin da ya tsuke.

A nan ne likitan ya faɗi maganar da ta sauya tafiyar. Tafintanmu, wani ɗalibin Azhar Bahaushe da Allah ya haɗa mu da shi, ya mayar mana da ita da Hausa: hoto yana nuna siffar hanya ne kawai, bai nuna ko jinin da ke wucewa ya ishi tsokar zuciya. Wannan sai an auna.

Ni da bututun ruwa na fahimci abin, don duk Bazazzagi ya san zancen famfo. Bututu zai iya yin tsatsa a ciki amma ruwa ya ci gaba da isa gida yadda ake so. Wani kuma a ido bai fi wancan lalacewa ba, amma da zarar maƙwabta sun buɗe nasu famfunan a lokaci guda, naka sai ɗigo. FFR abin da yake yi ke nan. Ana zura wata waya siririya ƙwarai, kaurinta inci 0.014, mai ɗauke da ma'aunin ƙarfin jini kusa da bakinta, a wuce da ita bayan wurin da ya tsuke. Sai a ba majinyaci maganin adenosin, wanda ke sa ƙananan jijiyoyin zuciya su buɗe gaba ɗaya kamar mutum na tsakiyar gudu. Daga nan a kwatanta ƙarfin jinin da ke bayan tsukewar da na gabanta. Lafiyayyar jijiya takan ba da kusan 1.0. Idan lambar ta kai 0.80 ko ta yi ƙasa, zuciya na ƙaruwa da buɗe wurin. Idan ta haura 0.80, yawanci magani ya wadatar. Kuma gwargwadon faɗuwar lambar, gwargwadon haɗarin da wannan jijiya ke ɗauke da shi a gaba.

A daren na zauna a masauki ina karantawa a waya har kusan asuba. Wasu likitoci biyu ne, Nico Pijls na ƙasar Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam, suka kafa wannan hanyar awo a farkon shekarun 1990. Binciken da ya fi kwantar mini da hankali shi ne wanda ake kira FAME, da aka wallafa a 2009, a kan mutum 1,005 masu irin matsalar Baba ta jijiya fiye da ɗaya. Waɗanda aka yi wa aiki bisa hoto kaɗai an saka musu sitent 2.7 a matsakaici, waɗanda aka auna da wayar FFR kuwa 1.9. Bayan shekara guda, mutuwa ko bugun zuciya ko sake aiki ya sami kashi 18.3 cikin ɗari na rukunin hoto, da kashi 13.2 na rukunin awo. Wato an saka ƙarfe kaɗan, kuma an fi samun lafiya. A cikin binciken dai, jijiyoyin da ido ya ƙiyasta sun tsuke da kashi 50 zuwa 70, kusan kashi 35 cikin ɗari ne kawai awo ya tabbatar suna tauye jini da gaske.

Yanzu ga ƙorafina na farko, kuma har yau yana ci mini rai. An ce Baba kada ya ci abinci kafin aikin, ya kuma bi umarni. Da safe ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko ya sha kofi ko shayi, muka ce a'a. Har an sa masa rigar aiki na hango jan goro a haƙoransa.

Na ce, "Baba, kun ci goro ne?"

Ya ce, "Ɓari ɗaya ne bayan sallar asuba. Ai goro ba abinci ba ne."

Na zaro sauran daga aljihun rigarsa, a naɗe cikin ɗan tsumma mai laima yadda ya saba ajiye shi, na miƙa wa likitan. Ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya tambayi sunansa, ya duba a wayarsa, sannan ya girgiza kai. Goro cike yake da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi da shayi, kafeyin kuwa yana dakushe aikin adenosin, sai awon ya iya nuna jijiya ta fi yadda take lafiya. Aka ɗage aikin zuwa washegari. Na yaba wa likitan da bai ce a yi haka nan ba. Amma asibitin da ke karɓar mutanen Arewa a kai a kai ya kamata a ce takardar shirinsa ta ambaci goro. Kwana guda a ƙasar waje kuɗin masauki ne, kuɗin mota ne, ga dattijo da ya ƙara kwana cikin fargaba.

Na biyu, kuɗin wayar awon. Sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, kuma tana da tsada. Ba ta cikin lissafin da aka turo mana tun muna gida, sai ana gobe aiki aka kawo mana takardarta. Na kira ƙanin Baba a Tudun Wada cikin dare ya nemo cikon. Duk mai shirin irin wannan tafiya ya tambaya tun farko ko kuɗin awon na ciki, a rubuta masa.

Aikin kansa bai kai awa biyu ba, kuma Baba idonsa biyu, wuyan hannun kawai aka kashe. Abin da ya fi tunawa shi ne lokacin adenosin. Ya ce ji ya yi kamar an aza masa buhun masara a ƙirji, fuska ta ɗauki zafi, numfashi ya yi gajere, har ya fara kalmar shahada. Tafinta ya riga ya gaya masa haka za a ji, ba zai wuce minti biyu zuwa uku ba, kuma da an tsayar da maganin zai wuce nan take. Haka aka yi. Da ba a gaya masa ba, na tabbata da ya ɗauka tafiyar ce ta zo. Sun kuma tambaye shi tun kafin nan ko yana da asma, don maganin kan tayar da ita.

Da aka fito, likitan ya rubuta mini lambobi uku a bayan wata takarda. Jijiyar gaba 0.71. Mai zagayawa 0.86. Ta dama 0.84. Sitent ɗaya aka saka, a ta gaba, aka sake aunawa ta koma 0.90. Sauran biyun da suka tsorata ni a hoto aka bar su da magani. Abin da aka rage na sitent biyu ya fi kuɗin wayar, amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Kowane ƙarfe da aka saka a jijiya yana da nasa haɗarin, zai iya sake tsukewa ko jini ya daskare a kansa, kuma ban ga dalilin da Baba zai ɗauki haɗarin abin da zuciyarsa ba ta buƙata ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka awon na raba kowa da tiyata. Likitan da kansa ya ce da duka ukun sun faɗi ƙasa da 0.80, ko da Baba na da ciwon suga, da baifas zai ba mu shawara. Wani binciken da ya biyo baya, FAME 3, wanda aka bayyana a 2021 a kan mutum 1,500 masu ciwo a jijiyoyi uku, ya nuna a shekarar farko matsala ta sami kashi 10.6 na waɗanda aka saka wa sitent bisa awo, da kashi 6.9 na waɗanda aka yi wa baifas. Sannan wanda ciwon ƙirji ya kama yana zaune, da gumi da amai, ba batun awo ko biza yake ba, asibiti mafi kusa za a garzaya da shi a wannan sa'ar.

Tun da muka dawo, likitanmu na nan Zariya ne ke duba shi, mun kai masa faifan hoton da takardar lambobin. Baba na shan asfirin da kulofidogirel don kada jini ya daskare a kan sitent ɗin, da maganin rage kitsen jini, da na hawan jini. An ja mana kunne kada ya tsallake ko kwana ɗaya sai da izinin likita, ko da haƙori za a cire masa, don haka Inna ce ke riƙe da ledar maganin, ita ke miƙa masa bayan sallar asuba. Ta rage gishiri da man shanu a miya, kilishi da tsire kuma sun zama na lokaci-lokaci. Jijiyoyi biyun da aka bari ba warkewa suka yi ba, kuma an ce in ciwon ya dawo a koma a sake aunawa.

Juma'ar da ta wuce na bi shi a baya zuwa fada ba tare da ya sani ba, ina ƙirga inda zai tsaya. Sau ɗaya ya tsaya, wajen Babban Dodo, ya gaisa da wani abokin sana'arsa, suka yi cinikin zare, ya wuce.