Yadda Vivaldi ya hutar min da wuyan hannu

Wata huɗu ke nan da na koma amfani da burauzar Vivaldi a kwamfutar shagona, inda nake cike wa ɗalibai fom da duba musu sakamakon jarrabawa. Abu ɗaya ne ya riƙe ni: yadda ake ba ta umarni da motsin linzamin kwamfuta (mouse) kawai.

Ka danne maɓallin dama ka ja hagu, sai ta koma shafin baya. Ka ja dama, ta ci gaba. Ka ja ƙasa, sabon shafi ya buɗe. Wanda ya fi kwanta min a rai shi ne na rufe shafi: ƙasa sannan dama, kamar mai rubuta harafin L. Da can sai na kai kibiya har saman allo ina laluben ɗan gicciyen nan, ga layi a bayana kowa na cewa "Malam, nawa fa?" Yanzu duk inda kibiyar take, nan nake gama aikina. Ranar da aka saki sakamako kuwa, intanet na jan ƙafa, sama da ƙasa kawai nake ja shafi ya sake lodi. Da yamma ba na jin tsamin da wuyan hannuna ya saba yi.

Dabarar ta daɗe. Burauzar Opera tana da ita tun 2001, kuma Jon von Tetzchner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Opera, shi ya kafa Vivaldi, wadda cikakkiyar fitowarta ta farko ta kasance a 2016. Kyauta ce, kuma a cikin saituna kana iya zana naka motsin ka ɗaura masa aikin da kake so.

Sai dai hannu na buƙatar kamar mako guda kafin ya saba. Kuma a kula da linzamin kansa. Nawa na farko ɗan araha ne, maɓallin damansa ya saki, ina cikin ja sai ya kuɓuce, har na taɓa rufe fom ɗin wata yarinya da muka kusa kammalawa, abin ya dame ni ƙwarai. Washegari na sayi sabo mai ƙwari.

Yaron shagona ma na koya masa motsi uku: baya, sabon shafi, rufewa. Sauran na ce sai bayan an gama rajistar bana.