Shagon turaren nan na Kasuwar Dole

Masu tambayata inda nake sayen turare a nan Damagaram, wani ɗan shago ne a Kasuwar Dole, mai shi dattijo ne mara yawan surutu. Turaren mai yake aunawa da sirinji, ka zaɓi ƙamshin da ya yi maka ya ɗura maka a 'yar kwalbar nan mai ƙwallo a baki da ake murzawa a jiki.

Abin da ya sa nake komawa wlh mutumin baya yi maka ƙarya. Kwalabensa an rubuta musu Sauvage da su Baccarat, na ce Baba wannan na Faransa ne na ainihi? yayi dariya ya ce ɗana, na ainihi a jika biyu? Ya ce madara ce ake haɗawa a masana'anta a kwaikwayi ƙamshin, shi daga Kano yake sarowa wajen masu kawowa daga Dubai. Kuma haka abin yake, ko manyan masu sunan nan da yawansu ba su ke haɗa ƙamshin da kansu ba, kamfanoni irin Givaudan na Suwizalan ke haɗa musu, kai kuma ka biya kuɗin suna da kwalba da talla. Shi ma udu ɗin da kowa ke rububi, na gaskiyar daga wani icce ake samunsa a Indiya da Kambodiya, sai iccen ya kamu da cuta sannan yake yin baƙin ƙaron nan mai ƙamshi, tsadarsa ba ta talaka ba ce, to wanda muke shafawa haɗi ne kawai amma yana kama riga har washegari.

Humrarsa ita ce ta fi komai, wata Hajiya 'yar Diffa ke haɗa masa da farce da sandal da miski, uwargida ta ce tunda ta fara ta daina aike Maiduguri.

Inda bai burge ni ba, yana jera kwalabe inda rana ke dukansu, da zafin nan namu na watan huɗu kuwa ƙamshi juyawa yake, ka ce ya ɗauko maka na ciki. Sannan masu duhun kala suna ɓata farar shadda, kar ka shafa kan riga kai tsaye. Ragi kuma sai ka ja da shi sosai, dala ashirin ma da ƙyar yake saki.