Na auna gudun jinin zuciyata da MRI: ga inda ya gamsar da ni, ga inda bai kai eko ba

Ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa ba tun ina yaro shi ya taɓa mini ƙofar zuciya, wadda ke bakin babbar jijiyar ayota. Ƙofar ta ƙuntata, kuma ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya. Shekara da shekaru da hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ake bibiyata a Kano, har likitana ya ce yana son a auna da MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kafin a yanke maganar tiyata. A Alƙahira aka yi mini, da na'urar da ƙarfin maganaɗisunta ya kai Tesla 1.5.

Kusan awa guda na yi a kwance, wayoyin bugun zuciya a ƙirji, abin toshe kunne a kai saboda ƙara. Wahalar ɗaya ce: riƙe numfashi, wajen daƙiƙa 15 kowane karo, sau da yawa. Awon gudun jinin kansa ba ya bukatar allura. Na'urar na bin siginar haidirojin da ke cikin ruwan jini. Jinin da ke tafiya siginarsa na gocewa daidai da saurinsa, da wannan gociyar ake lissafa gudun.

Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, dole ma'aikacin ya faɗa wa na'urar iyakar gudun da yake tsammani tun kafin a fara. In jinin ya wuce iyakar, sai ya zama kamar allurar sikelin da aka ɗora wa buhun da ya fi ƙarfinsa, ta zagaye ta dawo ƙasa, har hoton ya nuna jini na gudu baya. In kuma aka ɗaga iyakar da yawa, awon jinin da ke tafiya a hankali ya dagule. Nawa sai da aka sake shi saboda an sa iyakar ƙasa da farko. Ban ji haushi ba, na ma yaba da ya lura.

Eko ya ba ni mita 4.1 a daƙiƙa. MRI ya ce 3.6. Tunda mita 4 ne layin da ake cewa ƙuncin ya yi tsanani, na dawo gida da murna. Likitana ya duba takardun biyu ya ce, "Malam, kada ka yi saurin murna, a nan wurin eko nake bi." Jinin da ke fita ta ƙuntatacciyar ƙofa siriri ne, yana hautsinewa kamar ruwan tiyo da aka matse bakinsa. MRI kuwa tattaro bugun zuciya da yawa yake yi ya fitar da matsakaici, don haka ƙololuwar gudun kan sulluɓe masa, ya karanta ƙasa da gaskiya, musamman in yankan hoton bai tare jinin a miƙe ba. Rabin mita ba wasa ba ne: lissafin bambancin matsin jini tsakanin gaban ƙofar da bayanta shi ne gudun sau kansa sau huɗu, wato 67 a eko, 52 a MRI.

Inda kuɗina suka yi amfani shi ne awon yawan jinin. Ya nuna mililita nawa ke fita a kowane bugu, nawa ke komawa, abin da eko ke ta kirdado a kai shekaru. Sun kuma gwada adadin da abin da ɗakin zuciya na hagu ke fitarwa, lambobin suka zo kusa da juna. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ƙorafina shi ne rahoton bai rubuta iyakar gudun da aka sa ba, kuma ba wanda ya yi mini bayanin bambancinsa da eko. Da ban koma wurin likitana ba, da na ɗauka sauƙi na samu.

Mai bugun zuciya marar tsari ya sani awon nasa ba zai yi kyau kamar nawa ba, mai batirin zuciya kuma ya faɗa tun wajen karɓar rana. Ni dai wata mai zuwa zan ga likitan tiyata, da takardun biyu a hannu.