Wata huɗu ina sarrafa janareton sigina daga kwamfuta

Gwajin matatun sauti, wato da'irorin lantarki masu barin wasu sautuka su wuce su tare wasu, shi ne ya sa na sayi janareton sigina, na'urar da ke fitar da siginar lantarki ta gwaji. A da, zama nake yi ina murɗa maɓalli, in leƙa osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, in rubuta a takarda, in sake murɗawa. Matatar sauti guda, daga firikwansi (yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa) 20 Hz zuwa 20 kHz, zango 60, takan ci min kusan awa ɗaya, kuma da wuya in gama ban tsallake layi ba. Don haka da na tashi neman sabon janareto, sharaɗina ɗaya ne: ya karɓi umarni daga kwamfuta.

Wanda na samu yana da mafita biyu, yana kaiwa 25 MHz, a bayansa akwai ramin USB da na LAN. Babu GPIB, wannan tsohuwar hanyar haɗa na'urorin awo da kwamfuta da kamfanin Hewlett-Packard ya ƙirƙiro, aka mayar da ita ƙa'idar IEEE 488 a 1975. Ban yi kewarta ba ko kaɗan, kaurin kebul ɗinta ma ya ishi mutum.

Manhajar da kamfanin ya bayar ba ta yi awa biyu a kwamfutata ba. Hoton fuskar na'urar kawai suka zana a allo, ka riƙa danna maɓallan da linzami. To ina amfanin baɗi ba rai? Murɗawar da nake gudu ce ta dawo ta wata ƙofa. Direban USB ɗin ma sai da na yi fama da shi, yau kwamfuta ta ga na'urar, gobe ta ce ba ta san ta ba. Na cire, na jona kebul na LAN, na ba ta adireshin IP, na buɗe ƙofar sadarwa mai lamba 5025, na tura *IDN? kawai, umarnin da ke tambayar ta ko ita wace ce. Nan take ta amsa da sunan kamfani, samfuri, lambar siriyal da sigar manhajar cikinta. Tun daga ranar ban koma kan USB ba.

Yaren da take ji shi ne SCPI, wanda aka fitar a 1990, kuma daɗinsa shi ne rubutu ne zalla da mutum zai iya karantawa. FREQ 1000 ya sa firikwansi a 1 kHz, VOLT 1 ya sa bolt ɗaya, OUTP ON ya buɗe mafita. Da yaren shirin kwamfuta na Python da PyVISA, kayan aikinsa na magana da na'urorin awo, na rubuta ɗan shiri da bai kai layi 40 ba, yana canza firikwansi, yana karɓar awo daga osiloskof, yana zuba komai a fayil. Aikin awa ɗaya ya koma minti uku. A nan kam na'urar ta biya kuɗinta.

Sai dai tana da wani hali da ya kamata mai saye ya sani: ba ta magana sai an tambaye ta. Gwajina na farko ya fito da layi miƙaƙƙe sambal, kamar matatar ba ta tace komai. Na kwance matatar, na auna kowane kafasita, na canza waya, na ɓata yini guda. Ashe FREQU na rubuta. SCPI gajeren suna yake karɓa ko cikakke, FREQ ko FREQUENCY, babu tsaka-tsaki. Na'urar ta yi watsi da umarnin sau 60, ta tsaya a 1 kHz ɗinta, ni kuma ina ta auna abu ɗaya ina murna. Kuskuren na nan ajiye a layi a cikinta, lamba -113, yana jiran wanda zai tura SYST:ERR? ya karanta. Laifina ne, na yarda. Amma littafin jagoran bai ambaci wannan ba sai can kusan ƙarshe, alhali a shafin farko ya dace a sa shi da manyan baƙaƙe. Yanzu bayan kowane umarni sai shirina ya tambaya ko akwai kuskure.

Tarko na biyu na om 50 ne. Na ce bolt ɗaya, osiloskof ya nuna biyu. Ba lalacewa ba ce. A cikin mafitar akwai tirjiya ta om 50, kuma na'urar tana lissafi ne a kan cewa abin da aka jona mata ma om 50 ne, zai raba ƙarfin gida biyu. Osiloskof kuwa megaom ɗaya ne, ba ya raba komai. OUTP:LOAD INF ya gyara lissafin. Abin haushin, a tawa duk sanda na tura *RST, umarnin mayar da ita saitinta na asali, sai ta koma kan 50, don haka dole umarnin ya biyo bayansa kullum.

Ga ƙananan firikwansi kuma sai an ba ta lokaci. *OPC? yana faɗa maka ta gama aiwatar da umarni, amma bai ce matatar da ke gaba ta natsu ba. Ni rabin daƙiƙa nake jira idan ƙasa da 100 Hz ne.

Sigina tsaf take fita, firikwansi bai taɓa kaucewa daga abin da na nema ba, kuma na bar ta tana aiki dare guda cur ba ta yanke ba. Mai gwaji ɗaya-biyu a mako ba ya buƙatar duk wannan wahala, hannunsa ya wadatar. Mai maimaita awo iri ɗaya kullum, wanda ba ya tsoron rubuta ɗan shiri, shi zai more ta.

Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne, da zarar kwamfuta ta yi mata magana sai ta kulle maɓallan gabanta. Jiya ma na yi ta murɗa babban maɓallin ina tsaki, kafin in tuna sai na danna Local, maɓallin da ke dawo da sarrafawa hannu, tukuna.